Mujallun Gem da Nake Karanta wa Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma, ai ni zan karanta maka ita. Amma yau na kasa haɗiye maganar.

Muna lafiya. Inna tana nan Nguru, ƙafar tata ta yi sauƙi. Ni ina Gashuwa, ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Shagonka na gyaran rediyo da talabijin, wani mai bandar kifi ne ya kama shi.

Ka tuna lokacin da gem, wasan nan na na'ura da ake jonawa da talabijin, ya raba samarin gari gida biyu, 'yan kaset da 'yan faifai? Su kawo maka na'urorinsu gyara, su tsaya a bakin shago suna musun wacce za ta binne wacce. Kai ɗan kaset ne. Kana cewa kaset ko ya faɗi ƙasa ka hure shi ka mayar, faifai kuwa ƙarzuwa ɗaya ta gama da shi. Ni kuma na bi faifai don kawai in ja da kai. A shekarar ne na faɗi jarrabawar Turanci sau biyu, har na ce wa Inna na gama da boko.

Sai ka shiga ba 'yan sarin Kano sautun mujallar gem ta Turanci, ko ta kwana biyu. Tunda ba ka yi boko ba, bayan la'asar sai ka zaunar da ni a zaure in karanta in fassara maka: wane wasa ke tafe, wane kamfani ke shirin kayar da wane. Wata uku muka yi muna kallon hoton wani wasan tseren mota da bai ma fito ba. In na ci karo da kalmar da ban sani ba, ba ka yarda in tsallake, sai na tambayo malami washegari.

Muna jiran sabuwar na'urar nan da aka ce har fim za ta riƙa nunawa, ciwo ya kwantar da kai. Burinka ka kwance ta ka ga cikinta. Ba ta iso Nguru ba sai bayan sadakar arba'in ɗinka.

Baba, na yi maka ƙarya, ba sau ɗaya ba. In mujallar ta yabi kaset sai in rage, in ta kushe faifai sai in haura layin. Ranar da na ce an rubuta kamfanin kaset ya kusa rufewa, wallahi babu haka a takardar. Ka ce Allah ya kyauta. Na so in faɗa maka a asibiti, bakina ya yi nauyi.

Makon jiya Malam Bukar direba, amininka, ya kawo 'yarsa makarantarmu. Ya gane ni, muka zauna. Ya ce ka sha ba shi labari kana dariya, wai duk sanda zan yi maka ƙarya muryata sauri take yi. Ya ce gem bai taɓa damun ka ba. Ka dai lura ba na buɗe littafi, amma kwalin gem ba ya wuce ni ban haɗa baƙaƙen jikinsa ba. Wai ka ce a ƙyale ni, yarinyar da ta iya murɗa Turanci ai ta fara jin sa.

Me ya sa ba ka taɓa nuna mini ba? Yaya ka iya zama shekara biyu kana musu da zafi a kan abin da bai dame ka ba? A gaban Malam Bukar na yi kuka, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Faifai ya yi nasara, Baba, har kamfanin kaset ɗin naka ya koma yin sa. Yanzu na'urori uku ke takara, samari na can suna sabon musu. Ban ji daɗin cin nasarar ba ko kaɗan.

Ka yafe mini. Na gode, na gode. Duk ranar da na tsaya gaban allo na buɗe baki, aikinka ne. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna.

'Yarka,
Falmata