Zaƙamin Kaka

Daren Talata, Gudel

Da la'asar na iske ƙanwata Zali a garka ta fasa ɗan zaƙami, wanda Kaka ke turara ganyensa in fuka ta taso mata. Tana shirin kai ƙwayoyin baki. Ni da ba a jin muryata, na ƙwala ihu na buge hannunta.

"Guba ce! Ba ki ji ana ce masa haukata-yaro ba?"

Cikin kuka ta ce, "To Yaya, ni ai yarinya ce."

Kaka ta yi dariya har da tari, sannan ta ɗauki hauya ta tumɓuke shi da kanta. Yanzu ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Gobe ni zan raka ta likita.