Ciwon Idon Gidanmu da Ƙanena Direba

Anti Ok-bun, ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Wainar shinkafa nake sayarwa a wata kasuwa a birnin Daegu. Makon jiya likita ta ce ina da hawan jinin ido, wai har gefen idona na hagu ya fara mutuwa ban sani ba. Da ta tambaya ko akwai mai shi a gidanmu, sai na tuna Baba, yadda yake karo da ƙofa, yana ɓarar da miya, mu kuwa muna ɗora wa giyar soju laifi. A makance ya rasu. Likitar ta ce lallai 'yan'uwana su je a duba su.

Ƙane ɗaya gare ni, Pil-su. Tun da na kai Mama gidan kula da tsofaffi ba da son ransa ba, ya yanke zumunci da ni. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Yaya, ki ɗauka ba ki da ƙane." Kuma Anti, motar ɗaukar yaran makarantar raino yake tuƙawa! Duk motar yara da ta gifta ta gaban rumfata sai in leƙa in ga ko shi ne ke tuƙi. In na faɗa masa aka raba shi da aikinsa, zai ƙara tsanata. In na yi shiru fa? Ga Chuseok, bikin girbi da ake ziyartar kaburburan iyaye, ya matso, ban ma san ko zai zo kabarin Baba ba.

Mai Waina, Daegu

Sannu Mai Waina. Fara da kanki. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, amma ɗiga magani kullum yakan rage wa ciwon gudu ƙwarai. Kada ki yi fashi.

Gaskiya ne ciwon yana bin jini, sai dai ba kowane ɗan gida yake kamawa ba. Mai yiwuwa idon Pil-su lafiya lau yake. In ma akwai, da yawa daga waɗanda aka gano nasu da wuri suna ci gaba da tuƙinsu. Jinkiri ne ya fi raba direba da sitiyari.

Na san fushinsa yana da nauyi a ranki, kuma shi ma kewar Mama ce ke cinsa. Duk da haka kada ki jira Chuseok. Kira shi yau, in bai ɗauka ba ki nemi matarsa. Kada ki sako zancen Mama. Ce masa abin da ya makantar da Baba ya kama ki, ya je a duba masa jijiyar ido, ba awon tabarau kaɗai ba. Ba sai ya huce da ke ba kafin ya ga likita.

Ina yi muku fatan lafiya, ku biyun.