Kada Ki Ce Ta Yi Ƙiba

Leeds, ranar Lahadi

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya Sabi'u? Muna lafiya, sai dai jikarki Nusaiba na asibiti, sati bakwai ke nan. Ki yafe min ɓoyewar. Ciwon ƙin abinci ne. Ta zama ƙashi da rai, amma in ta dubi madubi ƙatuwa take gani.

Akwai wata mata, Moira, da ke sauraron irin yaran nan, ta kai maganarsu gaban likitoci da iyaye. Ba ma'aikaciyar asibitin ba ce. Da farko na ji haushinta. Na ce, "Baiwar Allah, ni da na haife ta za ki gaya wa abin da take so?"

Ta ce, "Ni 'yar aike ce kawai. Za ki ji saƙon?"

Ashe ranar da na ce, "Masha Allah, kin fara ƙiba," kwana biyu yarinyar ta yi ba ta ci komai ba. Ni kuwa yabo nake, yadda kike mana.

Ga roƙona. Juma'a za ta kira ki, ita ta nema. Kada ki tambaye ta ko ta ci abinci, kada ki ce ta yi ƙiba ko ta rame. Yi mata labarin awakinki. Bakinki zai yi ƙaiƙayi, nawa ma yana yi. Na daure, ke ma ki daure.

Tuwonki ya jira. In Allah ya yarda sai na kawo ta gabanki, ta gutsira da hannunta, ba wanda ya ce ta ci.

'Yarki,
Zuwaira