Na canja wa Baba jiƙonsa a ɓoye, yanzu ya ce ba zai je Kano ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Litinin.

Ni mace ce, a Takur muke zaune a nan Dutse. Ilimin tsirrai na karanta a Kafin Hausa, kuma binciken da na yi na kammala digiri a kan saiwar rawaya ne da ganyen gwandar daji. Gaskiyar magana, a kan ƙwayoyin cuta na gwada su cikin faranti a ɗakin gwaji, ban taɓa gwadawa a kan ko ɓera ba. Amma Babanmu tsohon malamin gona ne, tun da ya ga littafin binciken da sunana a bango ya ɗora shi a kan talabijin, duk baƙon da ya zo sai ya ce ga aikin likitar gidansa.

Wajen wata uku ke nan Baba ya fara ramewa, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ga ƙaiƙayi, ga ciwon ciki da ke zagayowa har baya. Kowa ya ce ciwon shawara ne. Ƙaninsa, Baffa Sule, ya kawo haɗin saiwoyi daga ƙauyenmu, Baba kuma ya ce ba mai dafa masa sai ni, tunda ni na karanci abin. Na dafa. Sati biyar ina ba shi safe da yamma.

Da abin ya ƙi, aka yi hoton ciki. Likita ta kira ni da Baffa gefe ta ce akwai ƙari a fankiriyas, wato wani sashe da ke bayan tumbi, kuma alamu sun nuna ciwon daji ne, shi ya toshe hanyar matsarmama. Ta tura mu Kano, ta ce sai an buɗe hanyar kafin a yi maganar sauran magani. Da ta ji yana shan jiƙo ta ce a dakatar, don hantarsa ta riga ta wahala kuma ba wanda ya san abin da ke cikin haɗin. Ban ce jiƙon ne ya jawo ba, ita ma ba ta ce haka ba, amma tun ranar nake lissafin kofunan da na miƙa masa da hannuna.

A mota, kafin Baba ya fito, Baffa ya sa ni alkawarin ba zan faɗa wa Baba ba. Ya ce a danginmu ba a gaya wa mara lafiya irin wannan, in ya ji sunan ciwon zuciyarsa za ta karye ya tafi tun kafin lokacinsa. Mama ma ta goyi bayansa tana kuka. Da na yi maganar daina jiƙon, Baffa ya yi fushi ya ce boko ya sa na raina abin da ya raini ubana.

To ga laifina. Na rasa yadda zan yi, sai na riƙa zubar da saiwoyin a bayan gida, ina dafa ganyen shayi kaɗan da ɓawon lemon tsami don ya yi ɗaci, ina zubawa a tulun nan dai na kullum. Kwana goma sha biyu ke nan. Aman da yake yi ya tsaya, har yana shan kunu rabin kofi. Ban sani ba ko daina jiƙon ne ko dai dacewa ce, ba zan iya rantsewa ba.

Jiya da hantsi na kai masa, ya shanye, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Uwata, maganin nan naki ya fara ci. Ki gaya wa Sule ya fasa neman mota, me zan je yi Kano a yanka ni ga sauƙi a gidana?" Idonsa kuwa ya fi na makon jiya rini. Na ce to Baba, na ɗauki kofin na fito tsakar gida.

Litinin ce ranar da aka ba mu a asibitin Kano. In na ce masa shayi nake ba shi, na san zai karɓe tukunyar ya ba Mama, a koma kan saiwar gaske, kuma ba zai ƙara yarda da maganata ba. In na faɗi sunan ciwon, na karya alkawarin Baffa da Mama, kuma in wani abu ya same shi a satin ni za a kalla har ƙarshen rayuwata. In na yi shiru ba zai shiga motar ba.

Masu aikin lafiya da ke nan, da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan ciwo, don girman Allah wanne zan fara gaya masa, kuma da wane baki? Anjima da la'asar zai sake aikowa in kai masa kofin.