Kun Kwashe Ƴaƴan Rabi Don Ta Tafi Jami'a

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ya ƙera wasan rayuwar iyali da ke cikin wayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Sunana Zainabu, ƴar Damagaram ce ni, shekarata arba'in da ɗaya. Mun daɗe muna zaman baƙunci a ƙasar waje, a Tamanrasset, inda maigidana yake da shagon atamfa a kasuwa. Ban sani ba ko akwai mai jin Hausa a buronku, wato ofishinku, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya kai muku.

Tun ina yarinya na bar lekkol, wato makarantar boko. Bana na koma. Wata tsohuwar malama ce take koyar da mu, mata huɗu, sau uku a mako bayan La'asar. Burina in ci jarrabawar bak ta gama sakandare, in shiga jami'a in koyi aikin ungozoma. Ba zan ɓoye muku ba, wasanku ne ya ba ni ƙarfin hali. Ni da autata Fati, mai shekara shida, muke yin sa. Muka gina gida, muka yi wata mata muka sa mata suna Rabi, da mijinta da ƴaƴa biyu. Ranar da na ga kun buɗe wa iyaye da manya ƙofar jami'a a cikin wasan, na tura Rabi, na ce wa kaina to ni me ya hana ni?

Ga kokena:

1. Kun ce uwa za ta iya karatu, amma kun ɗora mata ƙa'idar budurwa. Sai da Rabi ta bar gidanta ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Na duba ko'ina, ban ga yadda za ta je aji ta dawo ta dafa abinci ba. Ba maƙwabciya, ba kaka, ba wanda za a bar wa yara. Mijinta kuwa kullum yana wurin aiki.

2. Wata Laraba da hantsi, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, wayar tana hannun Fati ni ina wanki. Ashe yaran Rabi sun kwana biyu ba abinci a cikin wasan. Kun aiko da wani ɗan rubutu da Turanci, wanda ba mai karanta shi a gidanmu. Sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Rabi, wata mata riƙe da takardu ta fito, ta sa yaran a ciki ta tafi. Ihun Fati na ji. Na karɓi wayar da hannuna duk kumfa, na danna duk abin da za a danna. Yaran ba su dawo ba, har hotunansu sun ɓace daga jikin bango.

3. Wataƙila a ƙasarku wannan horo ne na wasa. Mu nan mota tana tsayawa da gaske. Bara maƙwabciyarmu Balki ta fita sayen magani ba ta da takardun zama a jiki, jandarma masu kama baƙi suka haɗa da ita, aka yi iyaka da su. Ƴaƴanta uku a ɗakina suka zauna har kawunsu ya zo ya tafi da su Maraɗi. Fati ta ga yadda ƙaramin yake zama a bakin ƙofa tun safe, ya ƙi ci ya ƙi sha. Na ɗauka ta manta. Ba ta manta ba.

4. Tun daga ranar da aka kwashe yaran Rabi, da ta ga na ɗauki jakar littattafaina sai ta riƙe mini zane da hannu biyu. Ta ɓoye mini takalmi a cikin tukunya. Ta taɓa ce mini, "Inna, in kin tafi lekkol mota za ta zo, wa zai ce musu ni taki ce?" Na buɗe baki in ce mata ƙarya ne, na kasa, don katin zamana yana buro ana sabunta shi, ɗan guntun rasit kawai nake yawo da shi. Yanzu ni ma in na hangi motar jandarma a hanya sai in ratse in bi lungu. Maigidana bai hana ni ba, ya dai ce in duba halin yarinyar. Mako uku ke nan ban taka aji ba, ga jarrabawa tana matsowa. Ina tsoron fita, ina kuma tsoron in na ƙara zama wannan karon, na zauna ke nan har abada.

Ban ce da gangan kuka yi ba. Na fi zaton ba ku taɓa tunanin inda wasanku yake kaiwa ba, da irin yaran da suke riƙe da shi.

Don haka ina roƙonku, ku bar uwa ko uba su yi jami'a daga gidansu. Ku sa yadda za a bar wa maƙwabci ko dangi amanar yara, kamar yadda mutane suke yi. In har sai kun yi gargaɗi, ku yi shi da hoto da ƙara, wanda ko bai iya karatu ba zai gane. Babban roƙona kuwa, ku buɗe hanyar da iyaye za su je su karɓo ƴaƴansu. Ina so in zauna da Fati ta ga da idonta an dawo da su, don maganata kaɗai ta daina isarta.

Ba zan jira amsarku ba kafin in motsa. Malama ta yarda in zo da Fati ta zauna kusa da ni a tabarma. Ranar Litinin za mu tafi tare, hannuna cikin nata. Na rubuta sunanta da na babanta da lambar shagonsa a ƴar takarda, na ɗinke a cikin rigarta, ko da za a tafi da ni a bar ta.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya raya muku zuriyarku. Allah kada ya nuna muku ranar da za ku yi wa ɗanku irin wannan ɗinki.

Wassalam.

Zainabu, maman Fati
Tamanrasset