Ɓargon Odile

Opelousas, 4 ga Maris

Ƙanwata Eulalie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, da sanyin Minnesota. Na ji yanzu Lee ake kiranki, amma ni sunan yanka na sani.

Ba zumunci ya sa na ɗauki biro ba. Shekara arba'in da takwas ke nan da kika ga fatarki ta yi haske, kika hau jirgin ƙasa kika je kika zama Baturiya, ban taɓa damunki ba. 'Yata Odile ce ba lafiya, sankarar jini. Likita ya ce sai an yi mata dashen ɓargo. An duba jerin masu bayarwa kaf, babu wanda ya dace da ita.

Ban yi mamaki ba. Shekara talatin ina koyar da ilimin gadon halitta kafin a rufe makarantarmu, a watsar da ni kamar tsohon benci. 'Yan Adam duka daga Afirka suka fito. Waɗanda suka bar ta 'yan tsiraru ne, da ɗan guntun gadon da ke jikinsu suka tafi, shi ya sa jikokinsu suka fi kama da juna. Mu baƙar fata kuwa iri-iri ne, ga kuma Bafaranshen kakanmu da ya ƙara cakuɗa lamarin.

Ko wanda ya dace rabi ma zai yi. Ni na dace, amma ciwon zuciya ya hana a ɗibi nawa. Uwarta ta rasu, kuma ita kaɗai muka haifa. A 'ya'yanki uku, kowanne yana da rabo ɗaya cikin huɗu na dacewa. Auduga kawai za a goga musu a cikin kumatu don gwaji. Na san nauyin abin da nake roƙo: sai kin gaya musu ko su wane ne.

Yayanki,
Théophile

22 ga Maris

Eulalie,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar da kika ce tana damunki ta yi sauƙi. Na ga amsarki. Kin ce za ki kunna wa Odile kyandir a coci, amma yara ba za su iya ɗaukar maganar ba. Na gode da kyandir. Gashinta ya zube, jiya ko miyar kuɓewar da take so ta kasa haɗiya.

Na samo adireshin babban ɗanki Warren, kuma yau zan rubuta masa. Ba izini nake nema ba. Ina sanar da ke ne don kada ki ce na yi miki ta bayan fage.

Théophile

30 ga Afrilu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya jiki? Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Warren ya zo da kansa, da ƙannensa biyu. Tun daga bakin ƙofa ya kira ni Kawu. Na ce wa ya ba shi izini, ya ce hancina ne, don irinsa yake gani a madubi kullum. Bakinsa irin na Baba, ba ya barin ta kwana.

Shekara shida ke nan da suka sani. Sun tofa yawu a 'yar kwalba suka aika gwajin asali, don wasa kawai, sakamako ya nuna musu komai. Suka haɗa baki suka yi shiru, wai kada hawan jininki ya tashi. Kina ɓoye musu, suna ɓoye miki, mu kuwa a nan muna binne dangi babu ku.

Warren bai dace ba, Peter ma haka. Autarki Joanne ce ta dace. Ranar sha tara ga Mayu za a yi dashen. Likita bai yi alkawarin komai ba, amma na ga takardun da idona, kuma ban manta karatuna ba. Ina da ƙarfin gwiwa.

Odile ta ce in gaya wa Gwaggonta akwai ɗaki a gida. Ni ban ce na yafe ba. Amma na share ɗakin.

Yayanki,
Théophile Guillory