Jif Ɗina Da Idon Barakatu

Litinin, 6 ga Sha'aban 1396
Jif ɗin nan ta fara mani iskanci. In na taka totur a hawa sai ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In na tsaya kuma ba ta lafawa, ruri take kamar sa ya ga wuƙa. Ni da na sayo ta gwanjo wurin masu aikin hanya, duk Damari ba mai irinta.
Kuma ta rasa lokacin yi sai yanzu. Likitan ido zai zo Funtuwa Litinin ta sama ta waccan, in ya tafi sai bayan damina. Barakatu ko ƙofar ɗaki laluba take. Hanya ta zama kunu, in ba jif ba sai jaki, matata kuwa ba ta hawa jaki da tsufanta.

Laraba, 8
Gide mai injin niƙa ya ce fulogi ne. Mun wanke su da fetur. Banza. Har da cewa, "Alhaji, ko dai ta gaji da kai ne?" Wanda injinshi ke cin rabin dawar mutane.

Juma'a, 10
Na ishe Bilya mai fetur bayan masallaci, na ce kananzir yake gauraya mani tunda mai ya yi wuya. Ya rantse har da taɓa goshi. Na zubar da nashi, na aika Yankara aka sawo wani. Ƙarar na nan. Ban ba shi haƙuri ba, ai ko bai yi wannan karon ba ya taɓa yi.

Asabar, 11
Barakatu ta ce, "Alhaji, ka aika ma ɗanka mana." Ba ta faɗin sunanshi, ɗan fari. Harisu ke nan, da ya bar mani gona ana tsakiyar noma ya tafi Kaduna koyon kanikanci, wai fartanya ba ta da gaba. Na ce ko za ta ci wuta ba ni kiranshi. Ta ce, "To, idon ai nawa ne."
Ban ci tuwo ba.

Litinin, 13
Na yi tunani. Tun ina yaro nake kiwon dabba. Doki in cikinshi ya ɗaure yana haki, kanwa ake jiƙa mashi. Mota ma ruwa take sha, ciki gare ta. Na jiƙa jar kanwa mai kyau, ta ungurnu, na ɗura a lagireto. Boko bai koya ma kowa wannan ba.

Talata, 14
Kamar ta ɗan yi sauƙi.

Alhamis, 16
Ba ta yi ba. Na fita gwaji hanyar Sabuwa, kafin rafi allurar zafi ta kwanta, tururi ya turnuƙe bonet, ƙarar ta koma kamar maƙera. Shanun wani Bafulatani suka jawo ni gida. Gide na bakin injinshi yana cewa, "Sannu da kilisa, Alhaji!" Allah ya isa.
Barakatu ta lalubo buta. Ta zuba mani ruwan alwala, rabi a ƙasa, ba ta ga bakin butar ba. Gara ta yi faɗa.

Asabar, 18
Ya zo. Ba ni na aika ba, uwarshi ce ta ba direban lodin auduga saƙo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ma bango.
Ya tada mota, ya kara kunne, ya bi da hannu bayan kafireto ya zaro wata 'yar roba duk huji. "Baba, ina kake kwantar da ita?" Na ce ɗakin hatsi, don ruwa. Wai ɓeraye suka ci robar, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi mata kaɗan. Shi ya sa sulo ya hau take ruri in na tsaya, shi ya sa take ƙara a hawa. Roba kamar ɗan yatsa!
Sai ya kwance lagireto. Abin da ya fito fari-fari, kamar an dama koko.
"Mi aka zuba nan?"
Na ce ruwa.
Ya lasa. Ya dube ni. Ya juya baya, kafaɗunshi na rawa. Ya dai yi hankali bai bari na ji ba.

Lahadi, 19
Wuni ya yi yana wanke ta, ya liƙe inda kanwa ta ci. Wai in ji shi. Ni na ce dama can tsohuwa ce. Ya sa na riƙe mashi sifana, ni, a gidana. Da la'asar ta tashi lafiya lau, tana numfashi kamar mage. Ya ce likin ba shi da ƙwari, sai an bi ta a hankali ana duba allura, ko ya tuƙa mu? Na ce hannuna ke ciwo, in ba haka ba.

Laraba, 22
Mun isa. Sau biyu muka kafe, ya fito da mu, bai taɓa bari ta yi zafi ba. Tuƙin ba laifi. Wurina ya gado.
An yi ido ɗaya. Jiya da aka cire auduga ni ke tsaye gabanta, amma ta leƙa ta bayana ta ce, "Kai, haka ka rame?" Shi ta fara gani. Ban ji haushi ba sosai.
Ya ce sai an sake lagireto, zai kawo daga Kaduna ranar jajibirin azumi. Na ce ya ga dama.
Na sa a sake jinkar ɗakinshi gobe. Ba don komai ba, ruwa ke ɓata bango.